Kafin Ka Ƙara Wa Babur Kariya, Fara Duba Birkinsa



Wasu daga cikinku za su tuna Kunle Adeyanju, ɗan Najeriyan nan da ya taso daga Landan a kan babur ƙirar Honda CB500X a shekarar 2022, ya keta Sahara, ya iso Legas ranar 29 ga Mayu bayan kwana 41 a hanya, domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. Samarinmu sun yi ta yaɗa hotunansa, suna sha'awar babur ɗin da akwatunan da aka ɗaura masa hagu da dama. Irin waɗannan babura an ƙera su ne musamman don doguwar tafiya da muguwar hanya. Ni kuwa da na ga hotunan, mutanenmu na tuna. Wanda ya ɗauko doya daga ƙauyukan bayan Agyaragu cikin ruwan Agusta, ko ya ɗaure buhunan riɗi daga wajen Doma, ko ya kai mai naƙuda asibiti daga wani lungun Awe ko Keana da tsakar dare, ai shi ma tafiyar kasada yake yi. Kullum yake yin ta, a kan Boxer ko TVS ko Jincheng, ba mai ɗaukar sa hoto.

Amma akwai inda muka bambanta da masu waccan tafiya. Su idan za su sauya wa babur fasali, da taya da birki da abin tace iska suke farawa, akwati ne na ƙarshe. Mu kuwa da akwatin muke farawa, galibi ma a nan muke tsayawa.

Ku duba abin da ke faruwa idan mutum ya fito da sabon babur daga shago. Kafin ledar sit ta yage an kai shi wurin mai walda. A tsawaita kariya, a ƙara rodi, a sa shokozoba biyu a kan biyun da ya zo da su, wani ma a sake masa sit mai ɗaukar mutum huɗu. Ban ga laifin wannan ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce a daina ba. Wanda bai taɓa jiran mota a ƙauye tun hantsi har la'asar ba shi ne zai ce babur na mutum biyu ne kawai. Babur ne motar manomi, shi ne motar asibitinsa. Abin da nake ƙi shi ne a ninka wa babur kaya a bar shi da birkin da aka auna don rabin wannan nauyin, birkin ma ya cinye.

Idan ka tsawaita kariya ta wuce tsakiyar tayar baya, nauyin da ka ɗora can yana ɗaga gaba ne. Tayar gaba sai ta rage kama ƙasa, kai ya riƙa rawa, musamman a yashi ko a kwana. Ƙarin shokozoba kuma ba ya ɓatar da nauyin, tura shi yake yi wani wuri. Bugun da a da suke shanyewa sai ya koma kan sifok da boris da ƙashin babur. Shi ya sa za ka ga sifok na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, wili ya karkace, ƙarfe ya tsage daidai gefen inda aka yi walda. Mai babur sai ya ce kayan yanzu ba su da ƙwari. Akwai jabu a kasuwa, wannan ba gardama, amma ko orijina ka sa a irin wannan hali ba zai kai ko'ina ba.

Sai maganar birkin gaba, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da yawa daga cikin masu haya a garin nan sun saki wayarsa da gangan, wasu sun cire ta ɗungurum, wai yana kayar da mutum. E, idan ka damƙe shi da ƙarfi a kan tsakuwa zai kayar da kai. Amma a kan kwalta, idan ka taka birki nauyi gaba yake komawa, don haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Wanda ya cire shi ya jefar da fiye da rabin birkinsa, sannan ya hau titin Makurdi ko na Akwanga yana gogayya da tirela. Ni kaina na ɗanɗana. Bara da damina na hau bayan wani yaro daga kasuwa, akuya ta gitta mana, ya taka na baya har ƙasa, taya ta kulle, muka yi ta jan ƙasa a gicciye har muka zube a kwata. Sati shida ina zarya wurin mai ɗori. Da na je duba yaron na tambaye shi birkin gaba, sai ya ce tun ranar da aka ba shi mashin ɗin ba ya aiki. Ban iya yi masa faɗa ba, don ƙafarsa ta fi hannuna lalacewa.

A nan ne mai kare su zai ce, malam kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Na sani. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kowa ya ga inda ta kai daga baya. Kayan gyara daga Indiya da Sin suke zuwa, duk motsin da dala ta yi a kansu yake sauka. Yawancin yaran nan kuma babur ba nasu ba ne. Balas suke kaiwa kullum ko duk sati, mai shi yana ganin gyara na direba ne, direba yana ganin ba zai zuba kuɗi a abin da gobe za a iya karɓewa ba. Tsakanin su biyun babur ya zama maraya. Wannan uzuri ne na gaskiya. Sai dai ku lura, kuɗin da ake kashewa a fitilu masu walƙiya da lasifika da salansa mai tayar da unguwa sun isa sayen birki shu har a samu canji. Ba a rasa kuɗin ado ba, na birki ake rasawa.

Tsadar mai ta haifar da wata dabara kuma: a matse kafireta don babur ya rage sha. Yana ragewa kuwa. Amma injin da iska ke sanyaya shi, idan mai ya yi masa kaɗan, zafi yake ɗauka. Cire fulogi ka duba, za ka gan shi fari fat maimakon ruwan ƙasa. Bayan 'yan watanni bawul ya ƙone ko fistin ya kama, abin da aka tara na rarar mai ya tafi a garambawul ɗaya. Haka soson tace iska. Da ya toshe sai a huda shi ko a yar. A jan ƙurar hunturun Lafia wannan daidai yake da zuba wa inji yashi da cokali, ringi ya cinye, babur ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai. Alhali wanke soson nan da ɗan shafa masa mai bai kai minti ashirin ba. Baƙin man ma, wanda ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi, mutum ya tuna cewa shi ne kuma yake jiƙa kuloci da giya, kuma duk cikin injin bai wuce lita guda yake ci ba.

Ga iyayen gidanmu makanikai, ku ne kuka fi kowa sanin duk wannan, kuma na jinjina muku. Na ga yaron gareji da bai gama firamare ba ya kwance inji a kan buhu ya mayar da shi ba noti ɗaya da ya rage. Amma ina da ƙorafi. Mutum ya kawo sarƙa ta saki, kun san haƙoran sifiroket sun zama ƙugiya, sai a cire ɗa guda a ɗaure a karɓi na shayi, a bar shi ya tafi ta tsinke masa a daji. Kun ga wayar birki tana lilo, kun yi shiru tunda ba ita aka kawo ba. Na san tsoronku, kada a ce kuna neman ƙarin aiki ya koma garejin maƙwabci. To ku haɗa baki mana. Idan duk garejin da ke layi ɗaya suka ce ba za a saki babur ba sai birki biyu suna kamawa, ina zai je?

Su ma shugabannin tashoshin babur, da suke iya hana mutum lodi don bai yanki tikiti ba, za su iya hana shi don ba shi da birki ko madubi. Ba sai mun jira jami'an FRSC ba, waɗanda tun Janairun 2009 suke fama da mu kan hular kwano. Masu ba da babur haya kuma ku rubuta a takardar yarjejeniya wa zai sayi taya, wa zai sayi birki, wa zai yi juyen mai, tun kafin a miƙa makulli.

Mu fasinjoji ma da namu. Ni dai tun da hannuna ya warke, kafin in ɗora ƙafa sai na miƙa hannu na matsa birkin gaba. Idan ya tafi har ya taɓa kai ba tare da ya kama ba, sai in ce ɗan'uwa Allah ya ba da kasuwa, in tsayar da na baya. Jiya a bakin kasuwa sai a na huɗu na samu wanda na hau.