Bidiyon Da Ake Yi A Kano Bai Kamata Ya Zagaya Duniya Kafin Ya Iso Fagge Ba

A watan Janairun 2025 Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Kamfanonin sun nemi ninki ne, aka ba su rabi, bisa alkawarin cewa sabis zai gyaru. Jama'a sun biya, domin ba su da zaɓi. Amma har yanzu mai kallon tafsiri a Gusau, da ɗalibar da ke bin darasi ta YouTube a Damaturu, da ɗan kasuwar Kantin Kwari mai nuna wa kwastoma atamfa ta kiran bidiyo, duk sun san wannan da'irar da ke ta juyawa a fuskar waya alhali data na zurarewa. Lokaci ya yi da za mu daina cewa "sabis ne kawai", mu tambayi inda matsalar take da wanda ke da alhakin gyara ta.

Da farko, ya kamata mai karatu ya san yadda bidiyo ke isowa wayarsa. Idan mai shirya fim ya ɗora shirinsa a YouTube ko Facebook, kamfanin yakan mayar da shi kwafi-kwafi masu inganci daban-daban, daga 144p mai dishi-dishi har zuwa 1080p mai haske tangaram, sannan ya yayyanka kowane kwafi gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙoƙi. Wayarka ce ke auna ƙarfin sabis a kowane lokaci, ta roƙi gutsuren da za ta iya ɗauka. Shi ya sa hoto yakan dushe ana tsakiyar kallo, ya kuma dawo. Idan ko mafi ƙanƙantar gutsure bai iso kan lokaci ba, sai kallo ya tsaya.

Abin da ke sa gutsuren ya iso da wuri shi ne kusanci. Manyan kamfanoni irin su Google da Meta da Netflix sukan ajiye kwamfutocinsu a cikin cibiyoyin kamfanonin sadarwa ko a mahaɗar intanet ta ƙasa, su zuba musu bidiyoyin da mutanen yankin suka fi kallo. Kamar dillali ne da ya buɗe sito a Dawanau maimakon duk mai son buhu ɗaya ya tafi gona. In akwai irin wannan rumbu kusa da kai, bidiyo zai zo da sauri, kuma kamfanin waya bai kashe kuɗin jigila mai nisa ba. In babu, dole a ɗauko shi daga Legas, wani lokacin ma daga Turai.

A nan ne Arewa ta zama kurar baya. Igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su SAT-3 da MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano ta Google wadda ta iso a 2022, duk a Legas suka sauka. Manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na 'yan kasuwa su ma can suka taru. Daga Legas zuwa Kano kuwa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma wayar fayiba da ke ɗauko bayanan tana bin gefen titi ne, inda katafilar masu aikin hanya da ɓarayi da zaizayar ƙasa ke jiran ta. Sakamakon haka, shirin da aka ɗauka a Kano, da 'yan wasan Kano, domin masu kallon da akasarinsu ke Arewa, zai iya yin doguwar tafiya kafin ya iso wayar maƙwabcin wanda ya shirya shi.

Ranar 14 ga Maris, 2024 ta nuna wa kowa haɗarin dogaro da nesa. Igiyoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a tekun Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, manhajojin wasu bankunan Najeriya suka daina aiki yadda ya kamata, aka kwashe makonni kafin a kammala gyara. Darasin a fili yake: duk abin da aka ajiye a cikin gida, kuma ake musayarsa a cikin gida, ya fi jure irin wannan rana.

Ba a ce ba a yi komai ba. Mahaɗar intanet ta Najeriya, IXPN, wadda aka kafa a 2006 domin kamfanonin cikin gida su riƙa miƙa wa juna bayanai kai-tsaye, tana da reshe a Kano. Galaxy Backbone ta gwamnatin tarayya ta gina cibiyar ajiyar bayanai a birnin. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta haramta taɓawa, sannan ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta sanar da shirin shimfiɗa kilomita 90,000 na fayiba. Sai dai gini ba ya cika kansa, kuma takardar doka ba ta tare katafila.

Don haka muna kira ga NCC, ƙarƙashin Aminu Maida, da ta ɗaure ƙarin kuɗin da ta amince da shi da sharuɗɗan da talaka zai iya gani da idonsa. A riƙa wallafa ingancin sabis na kowane kamfani jiha-jiha, har ƙaramar hukuma, cikin harsunan da mutane ke karantawa, har da Hausa. A kuma matsa wa kamfanonin waya su haɗu da juna a mahaɗar Kano, su jawo rumbunan manyan kamfanonin bidiyo zuwa Arewa. Masu kallo suna nan da yawa; abin da ya rage shi ne wutar lantarki mai ɗorewa da hanyar fayiba fiye da ɗaya, ta yadda in an yanke wannan, waccan za ta ɗauka.

Gwamnonin Arewa su ma suna da nasu kason. Tun 2020 aka yi matsaya a kan naira 145 a kowace mita a matsayin kuɗin izinin binne fayiba, jihar Kaduna ma ta yafe kuɗin gaba ɗaya a shekarar. Duk gwamnan da har yanzu yake kallon wannan izini a matsayin hanyar tara haraji, yana sayar da makomar matasan jiharsa ne da araha. Haka kuma bai dace a ba ɗan kwangila aikin titi ba tare da an tilasta masa tuntuɓar kamfanonin sadarwa kafin ya fara haƙa ba. Wanda ya yanke waya da gangan ko da sakaci, ya biya kuɗin gyara.

Za a iya cewa yankin da ke fama da yunwa da rashin tsaro ba shi da lokacin damuwa da bidiyo. Wannan magana ta manta cewa hanyar da ke ɗauko waƙa da barkwancin TikTok ita ce ke ɗauko darasin jarrabawar JAMB, da shawarar likita, da kuɗin da ɗa ke turo wa mahaifiyarsa. Mutanen Zamfara da aka rufe wa layukan waya a watan Satumban 2021 sun san abin da rashin sadarwa ke yi wa kasuwa da zumunci. Masana'antar Kannywood kuwa, wadda satar faifai ta durƙusar da kasuwarta ta dā, yanzu mafi yawan fatanta na kan YouTube ne, kuma duk mai kallon da ya gaji da jira ya kashe waya, asara ce ga furodusa da masu ci a ƙarƙashinsa.

Masu shirya bidiyo da gidajen jarida, har da irin namu, su riƙa tuna wanda suke yi dominsa. Wa'azi ko hirar da sauraro kawai ake buƙata, a fitar da ita da murya zalla tare da bidiyon. A rage nauyin hotuna a shafukan labarai, a daina sa bidiyo ya kunna kansa.

Kai ma mai karatu kana da abin yi kafin hukumomi su farka. Netflix da kansa ya ce kallon awa ɗaya a matsakaicin inganci kan ci har gigabait 1, mai inganci sosai kuma har gigabait 3. A ƙaramar fuskar waya, 360p ko 480p ya wadatar. Shiga saitin YouTube da Facebook da TikTok ka kunna tsarin tsimin data, ka hana WhatsApp sauke bidiyon guruf da kansa, ka sauke dogon shiri da dare lokacin da layi ya yi sauƙi. In kuma sabis ya ci gaba da cutar ka, ka kai ƙara wurin kamfaninka, in bai saurare ka ba ka kira lambar NCC ta kyauta, 622. Kuɗin da ka biya na sabis cikakke ne, kuma kana da haƙƙin neman a ba ka shi cikakke.