Inuwar Giginya A Birnin Ikko

Duk wanda ya zauna Ikko ya san Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da yin kaka-gida a cikinta. Amma ba kowa ya taɓa tsayawa ya tambayi ma'anar sunan ba. A bakin Yarbawa araba shi ne rimi, idi kuwa gindi. Ashe Idi-Araba Gindin Rimi ke nan. Agege ma, inda kakanninmu fatake suka sauka saboda cinikin goro, ana ba da labari cewa sunanta ya samo asali ne daga masu saran itace. To, mai karatu ya daure ya shiga ɗaya daga cikin unguwannin nan biyu da tsakar rana a watan Maris, ya bi lungu-lungu, ya ƙirga itatuwan da mutum uku za su iya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu. In ya gama, ya hau mota ya tafi Ikoyi ya sake ƙirgawa. Gani ya kori ji.

Wannan bambanci yana da tarihi. A zamanin mulkin Turawa an keɓe musu unguwanni na kansu, irin su Ikoyi a nan Ikko da Nasarawa a Kano. Ƙa'idar Gwamna Lugga ita ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Bature da ta ɗan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. A can aka yanka filaye masu faɗi, aka jera itatuwa a bakin hanya, aka ɗauki leburori suna ban ruwa. Da aka sami mulkin kai a 1960, manyan ma'aikatanmu suka gaji gidajen, suka gaji inuwar. Su kuwa Mushin da Ajegunle da Agege, jama'a ce ta yi ta kwararowa cikinsu ba tsari, kowane mai fili ya gina ɗakunan haya har bakin kwata, don kowane taku kuɗi ne. Itacen da ya tare hanyar bulo kuwa, gatari ne makomarsa.

Wani zai ce, a garin da ake fama da rashin ruwan famfo da rashin wuta, wa ke ta itace? Amsa ita ce, wanda ba shi da wutar shi ya fi kowa bukatar itacen. Kwano da siminti da kwalta suna shan zafin rana tun hantsi, sa'an nan su yi ta amayar da shi har tsakar dare. Shi ya sa mutumin da ke ɗaki guda da matarsa da 'ya'ya biyar yake fitowa baranda ya kwana, sauro ya yi biki a kansa. Itace yana tare rana kafin ta taɓa rufi da bango, kuma ganyensa yana fitar da ruwan da saiwa ta jawo daga ƙasa, iskar wurin ta yi sanyi. Ganyen nan yana kama ƙura, ƙasar da ke gindinsa kuwa tana shanye wani abu daga ruwan sama maimakon duka ya tafi kwata. Attajiri in zafi ya dame shi sai ya tayar da janareta ya kunna na'urar sanyaya ɗaki. Mai tura baro, da mai gyaran takalmi, da mai sayar da rake, da yaran da ake cusa wa karatu a aji mai rufin kwano, ba su da abin kunnawa. Waɗanda suka ga zafin da aka yi daga Fabrairu zuwa Afrilu na 2024, lokacin da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa ta yi ta jan kunnen jama'a, sun san ba tatsuniya muke yi ba.

Gaskiya ɗaya ce, Gwamnatin Jihar Legas ta taɓa abin kirki a wannan fanni. A 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka soma gangamin dashen itatuwa, daga baya aka tsayar da ran 14 ga Yuli ta kowace shekara don wannan aiki. A 2011 aka yi dokar da ta kafa hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa, wadda ake kira LASPARK, kuma dokar ta hana sare itace ba da izini ba. Wanda ya san Oshodi kafin sharar da aka yi mata a 2009 ba zai yi musun an ga canji ba. Yabon gwani ya zama dole.

Amma a duba inda yawancin ƙoƙarin ya sauka: tsakiyar manyan hanyoyi, da shataletale, da gindin gadoji, da kewayen ofisoshin gwamnati. Wurare ne da mai mota yake gani in ya wuce, ba inda talaka yake zama ya yi sana'a ko ya kwana ba. Ba wanda zai tsallake layi uku na motoci da goyo a baya don ya sha inuwa a tsakiyar hanyar Ikorodu. Hausawa suka ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Mutanen da harajinsu na kasuwa da na tasha yake shiga aljihun hukuma kullum safiya, su ne inuwar take tsallakewa.

Matsala ta biyu ita ce yadda ake lissafi. Ranar bikin dashe akan kafa rumfa, a kawo makaɗa, babban baƙo ya riƙe shebur mai ƙyalli, a ɗauki hoto, a faɗi dubban itatuwan da aka dasa. Ba mu taɓa jin an sake kafa rumfa bayan shekara uku an faɗi nawa suka rayu ba. Dashe aikin minti goma ne. Reno shi ne aikin, don ɗan itace yana bukatar ban ruwa a rani biyu ko uku na farko, da kariya daga akuya, da wanda zai hana a zuba masa ruwan wanki ko a ɗaure masa igiyar rumfa. Wannan cuta ba ta Ikko kaɗai ba ce. A Arewa ma, tun bayan farin 1973 ake bukukuwan dashe kowace damina, kuma kowa ya san inda da yawa suka ƙare: cikin tumbin awaki.

Kada kuma a yi saurin zargin mutanen unguwa da rashin kula. Mafi yawansu 'yan haya ne. Ɗan haya ba shi da ikon haƙa rami a ƙofar gidan da ba nasa ba, kuma bai san ko baɗi yana nan ba. Ruwan da zai zuba wa itacen saye yake yi jarka-jarka a wurin mai ruwa. Mai gida kuwa yana tsoron saiwa ta fasa masa harsashi, ko ganye ya toshe kwata ma'aikatan tsabta su ci shi tara, ko reshe ya taɓa wayar lantarki. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma duk tsarin da ya yi biris da su, asarar irin dashe kawai zai yi.

Saboda haka ga shawararmu ga Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi.

Na farko, a ƙirga. A bi mazaɓa-mazaɓa a san inda inuwa take da inda babu, a buga sakamakon kowa ya gani. Sa'an nan a fara kashe kuɗin dashe daga inda aka fi rashi, kamar yadda likita ke fara duba wanda ciwonsa ya fi tsanani.

Na biyu, tun da fili ne ya yi ƙaranci, a fara da filayen da ba na mutum ɗaya ba. Akwai makarantun firamare, da asibitocin sha-ka-tafi, da tashoshin mota, da bakin kasuwanni, da harabar masallatai da coci-coci, da filayen idi, da maƙabartu. Makarantar firamare ɗaya mai katanga tana iya ɗaukar itatuwa goma ko fiye, kuma katangar ta riga ta yi maganin akuya.

Na uku, kowane itace ya zama da mai shi, da sunansa a rubuce. A ƙasar Kenya, marigayiya Wangari Maathai ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itatuwa a 1977, kuma dabarar da suka bi ita ce ana ba mace ɗan lada ne a kan itacen da ya rayu, ba wanda aka dasa ba. Aikin nan ne ya kai ta ga samun lambar yabo ta Nobel a 2004. Me zai hana a gwada haka a Mushin? A ba mai shayin da ke kan kwana itace biyu, a ba mai gadin makaranta biyar, a ba ƙungiyar masu ruwa na layinsu. Bayan wata shida a zo a duba, wanda nasa ke da rai a biya shi. Kuɗin rumfa da makaɗa na biki ɗaya sun isa su yi wannan a unguwa guda.

Na huɗu, a bar ma'aikatan gandun daji su zaɓi iri. Ba a dasa rimi a lungu mai faɗin taku shida, ba a kuma dasa dogon itace a ƙarƙashin waya. Inda fili yake, mangwaro da darbejiya suna ba da inuwa mai kauri. Inda ya matse, gwaiba ko lemo sun wadatar, ga kuma abin sawa a baka. Itacen da yara ke jiran nunarsa ba ya rasa mai tsaro.

Na biyar, duk wanda ya kawo taswirar gini neman izini, a tilasta masa ya nuna gurbin itace, kuma a je a gani kafin a ba shi takardar kammalawa. Tsofaffin itatuwan da suka rage kuwa a yi musu rajista. Itace mai shekara hamsin in ya faɗi, ƙananan dashe ashirin ba za su biya inuwarsa ba sai bayan wanda ya sare shi ya tsufa.

Saura namu laifin. Akwai wata magana da ta zama jiki a zangunanmu na Kudu, wai mu baƙi ne, nema muka zo, gida za mu koma. Da wannan magana wasu suka shekara arba'in a Agege, suka aurar da 'ya'ya, suka ga jikoki, ba su dasa ko zogale ba. Alhali kuwa mu ne mutanen da suka raɗa wa unguwanninsu sunan itace: Kurna da Giginyu a Kano, Unguwar Rimi a Kaduna. Mun san daɗin hira a gindin ceɗiya da durumi. Ita kanta darbejiyar da ta rufe garuruwan Arewa baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya, sai a 1928 aka kawo ta Barno. Baƙunci bai hana ta yin inuwa ba.

Muna kira ga Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran zanguna, da limamai, da shugabannin 'yan kasuwar Mile 12, da su zauna da maƙwabtansu Yarbawa da Ibo a ƙungiyoyin raya unguwa, su rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takarda guda. Su nuna masa wuraren da suka zaɓa, da sunayen waɗanda suka ɗauki alkawarin reno, su nemi irin dashe da kejin kariya kafin ruwa ya sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ran 14 ga Yuli ta zo, sai a ce da babban baƙo ya kawo sheburinsa cikin lungu, a kuma gayyace shi ya dawo bayan shekara uku a ƙirga tare da shi.