Shagon Mutum Ba Filin Daga Ba Ne

'Yan'uwa, a Amurka wasu masu bindiga na ta kumfar baki, wai 'yan kasuwa sun tauye musu haƙƙi don sun ce kada a shiga musu shago da makami. Wannan hujja ba ta da tushe balle makama.

Gyara na biyu na tsarin mulkinsu, na shekarar 1791, gwamnati ya taka wa birki, ba mai shago ba. A 2013 kamfanin Starbucks ya roƙi masu sayayya su daina zuwa da bindiga. A 2019, bayan wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a kantin Walmart na El Paso, harin da ya ci rayuka 23, kamfanin ya nemi a daina shiga da bindiga a fili. Ina laifinsu?

Wanda ya biya haya, ya ɗauki yaran shago, amanar rayukansu na wuyansa. Mai bindiga in bai yarda ba, ya nemi wani shagon. Haƙƙinka ya tsaya a bakin ƙofar wani. Allah ya tsare mu.