Shin aƙidar Luther ce ta arzurta Jamusawa?

A ɗakin malamai na makarantarmu wani abokin aikina ya maimaita maganar da na sha ji: wai Turawan arewa sun yi arziki ne saboda aƙidar Furotesta ta koya musu aiki tuƙuru da tsimi. Bai faɗa don tsokana ba, haka aka koya masa. Ni ma a kwalejin horar da malamai haka aka ba mu, da sunan Max Weber, Bajamushen da ya yi rubutu a kan haka a 1904 zuwa 1905. Mabiya Martin Luther kuwa ba baƙi ba ne a wurinmu, duk wanda ya san Ngaoundere ya san cocinsu da asibitinsu. To ni dai ban gamsu ba.

Kafin a ce aƙida ta canja halin mutane, ai sai an tabbatar mutanen sun san aƙidar. A 1528 Luther da kansa ya shiga cikin masu zagayen duba coci-coci a ƙauyukan Saksoni. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali: manoma da yawa ba su iya Addu'ar Ubangiji ba, ba su san Dokoki Goma ba, wasu limaman cocin ma ba su iya koyarwa ba. Shi ya sa a 1529 ya rubuta ɗan littafin tambaya da amsa don maigida ya riƙa koya wa iyalinsa.

An ci gaba da wannan zagaye shekaru da dama, ana rubuta rahoto. Masanin tarihi Gerald Strauss ya bi rahotannin, ya fitar da littafi a 1978. Ya iske bayan 'ya'ya da jikoki, kukan bai canja ba: mutane ba sa zuwa coci, wasu suna mashaya lokacin wa'azi, yara sun haddace amsa ba su san ma'anarta ba, in ciwo ya zo kuma sai a nufi wajen mai magani da tsafi. Wani masanin, Robert Scribner, ya nuna har hoton Luther wasu sun ɗauke shi abin tsari, suna ba da labarin wuta ta cinye gida amma ba ta taɓa hoton ba.

A nan fa dole in yi adalci. Duk malamin da sufeto ya taɓa shigo wa aji ya san rahoton sufeto ba ya faɗin komai. Laifi ya zo nema, laifi zai rubuta, yaro kuma yana ganin baƙo sai bakinsa ya ɗaure. James Kittelson ya ƙalubalanci Strauss, ya kawo rahotannin yankin Strasbourg inda sakamakon ya fi kyau. Na yarda da wannan gyara. Amma ko an rage rabin kukan, abin da ya saura bai isa a ɗora masa arzikin ƙasa guda ba.

Sannan shi Luther bai yarda da 'yan kasuwa sosai ba. A rubutunsa na 1524 kan ciniki da kuɗin ruwa, ya soki mai cewa zai sayar da kayansa a tsada iya yadda ya samu. Adam Smith kuwa, a littafinsa na 1776, ya nuna neman amfanin kai na mahauci da mai burodi shi ke kawo mana abinci. Nisan da ke tsakanin mutanen nan biyu ya wuce na shekaru. Weber ma ya san haka, shi ya sa ya fi jingina hujjarsa ga mabiya Calvin.

To me ya rage? Karatu. A 1524 ɗin nan Luther ya rubuta wa shugabannin garuruwan Jamus su buɗe makarantu, har da na 'yan mata, domin kowa ya iya karanta littafinsu mai tsarki. A 2009 masana tattalin arziki biyu, Sascha Becker da Ludger Woessmann, suka duba gundumomi 452 na ƙasar Furusiya da ƙidayar 1871. Gundumomin Furotesta sun fi wadata, gaskiya ne, amma sun fi yawan masu karatu, kuma da aka sa karatun cikin lissafi sai ratar wadatar ta kusan ɓacewa. Smith shi ma ya yaba wa makarantun unguwa na Sikotland, waɗanda suka koya wa kusan dukan talakawa karatu, da yawa kuma har rubutu da lissafi.

Sai dai a lura da tsawon lokacin. Daga 1524 zuwa 1871 shekara 347 ke nan. Haddar da sufetoci suka yi ta kuka a kanta ba ta zauna yadda ake so ba, baƙaƙen da aka koya wa yara don su yi haddar su ne suka zauna, har jikokin jikokinsu suka karanta takardar ciniki da su.

Da na faɗa wa abokin aikin nawa haka, dariya ya yi, ya ce ai dama malami ba zai ga komai ba sai makaranta. Watakila. Na ce masa ya kawo mini rahoto ɗaya daga ƙauyukan Saksoni da ke nuna manomi ya ƙara kadada saboda wa'azi, ni kuma zan sayi shayin mako guda.