Laifin Yaro Ko Na Ubangida? Darasi Daga Aikin Lauya John Hendy



A watan Disamba na 2025 ƙasar Ingila ta tabbatar da sabuwar dokar haƙƙin ma'aikata, bayan fiye da shekara guda ana muhawara a kanta a majalisa. Dokar ta tanadi cewa ma'aikacin da ciwo ya kwantar za a fara ba shi kuɗin jinya tun ranar farko, maimakon rana ta 4. Wanda aka kora bisa zalunci kuwa zai iya kai ƙara in ya yi wata 6 a bakin aiki, alhali a da sai ya cika shekara 2.

Cikin dattawan majalisar da suka yi wannan muhawara akwai wani tsohon lauya, John Hendy, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da girmansa a kan shari'un ƙwadago. An haife shi a 1948, ya zama lauya a 1972. A 1973 ya buɗe ofis a unguwar Newham ta birnin Landan, inda talakawa ke samun shawarar shari'a kyauta. Ya tsaya wa ƙungiyar masu haƙar kwal a shari'un da suka taso daga yajin aikinsu na 1984 zuwa 1985. A 1987 aka naɗa shi Lauyan Sarauniya, watau kwatankwacin muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, a 2019 kuma ya shiga Majalisar Dattawa.

Amma inda aikinsa ya fi ƙunsar darasi shi ne haɗarin jirgin ƙasa guda biyu, waɗanda a cikinsu ya wakilci waɗanda suka ji rauni da iyalan mamata a gaban kwamitin bincike.

Na farko ya auku a Southall ran 19 ga Satumba, 1997. Jirgin fasinja ya wuce danja, ya afka wa jirgin kaya, mutum 7 suka rasu. Da farko idon jama'a na kan direba, gama hankalinsa ba ya kan hanya a lokacin. To, amma ruwa ba ya tsami banza. Bincike ya nuna ƙararrawar da ke faɗakar da direba ta lalace, an kuwa bar jirgin ya kama hanya a haka. Aka ci kamfanin tarar fam miliyan 1 da rabi, amma tuhumar kisa ta rushe, domin shari'ar wancan zamani ba ta kama kamfani da laifin kisa sai an nuna wani shugaba guda wanda sakacin ya fito daga hannunsa.

Na biyu ya auku a Ladbroke Grove ran 5 ga Oktoba, 1999, inda mutum 31 suka rasu, fiye da 400 suka ji rauni. Nan ma direba ne ya wuce danja, shi ma ya rasu, kwanansa 13 kacal da samun shaidar tuƙi. Aka kuma gano cewa sau 8 jirage suna wuce wannan danjar cikin shekara 6, saboda wuyar hangenta, ba a gyara ba.

Bayan waɗannan bincike aka sa wa jirage na'urar da ke taka burki da kanta. A 2007 kuma majalisa ta yi dokar da ta ba da ikon kama kamfani da laifin kisa, matuƙar yadda manyansa suka tsara aiki ne ya jawo asarar rai. Watau nauyi ya tashi daga kan yaro shi kaɗai, ya hau kan wanda ya aike shi.

Har wa yau da sauran rina a kaba. Masu ɗaukar aiki da yawa kan kira ma'aikaci mai zaman kansa, don su kuɓuta daga haƙƙinsa. A 2021 Hendy ya kawo ƙuduri don toshe wannan kafa, dattawa suka amince, amma bai zama doka ba. Duk inda aka bar wannan ƙofa a buɗe, amfanin sabuwar dokar ba zai iske kowa da kowa ba.

Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga malamai, gama babin ijara da na lamuni a fiƙihu sun daɗe da rarrabe abin da ya auku bisa ƙaddara da wanda ya auku bisa sakaci. Nijeriya ma, wadda ta gaji tsarin shari'ar Ingila, ta yi dokar diyyar ma'aikata a 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun diyya.

Saboda haka attajirin da ya san burkin motarsa ya mutu, ya kuma tura direba Legas da kaya, ko wanda ya jibga buhuna har rufin sito, ya sa 'yan dako shiga ƙarƙashinsu, kada ya ce ƙaddara ce kurum in abu ya faru. Ya riga ya sani, sanin nan kuwa shi ne hujja a kansa, a gaban alƙali da kuma ranar gobe.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amanar na ƙasa da su, amin. Wasalam.