Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Hafsan Sojan Sama, Daga Dogon Dawa

Ranka ya daɗe,

Ranar 18 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirginku ƙirar Alpha Jet yana dawowa daga farmaki a kan iyakar Kaduna da Zamfara. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya diro da lema, ya laɓe har dare ya yi, sannan ya bi wayarsa tana nuna masa hanya har ya isa wurin sojojin ƙasa. Wallahi mun yi murna, domin wata biyu kacal kafin nan jirgin da ya ɗauko babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Ibrahim Attahiru, ya faɗi a Kaduna, mutum 11, ba wanda ya tsira.

To amma tun lokacin akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Irin dajin da wannan bawan Allah ya ratsa a dare ɗaya, mu a bakinsa muke noma. Gobe in wani matuƙin ya faɗo cikin masarata da karyayyar ƙafa, yaya zan yi? In ɓoye shi a rumbu? In kira wa, da wace lamba? Ba zan iya miƙa shi ga 'yan bindiga ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Amma na san mutanen nan. Sun taɓa ɗaure ƙanena a gindin ɗorawa, suka yi masa dukan kawo wuƙa a kan zargin kawai ya yi magana da jami'an tsaro, har yau ba ya iya riƙe fartanya da hannun dama. Jirgi mai saukar ungulu zai zo ya ɗauke matuƙi, mu kuwa a nan za mu kwana, masu babura kuma sun san ƙofar kowa.

Shawarata, yallaɓai: ku zauna da Masarautar Birnin Gwari da hakimai da dagatai, a tsara yadda saƙo zai isa gare ku a asirce, kuma garin da ya ceci ɗanku a girke masa sojoji har ƙura ta lafa. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 ya sa an buɗe kasuwar shanu, mun gode Allah, amma ban ga an kwashe manyan bindigogin da suka kai ga jirgi ba.

Su kuma Alpha Jet ɗin nan, tun shekarun 1980 ake hawan irinsu. A dubi lafiyarsu, matuƙan ma 'ya'yan wasu ne.

Naku,
Wani manomi, Dogon Dawa