Zancen Tabarma: Katin biki sittin da suka kwana a hannunmu

Da fatan zubin wannan wata ya shiga akwati lafiya, makullai uku sun koma hannun masu riƙonsu.

Tun fitowar da ta wuce ake aiko mana tambaya a kan katin da aka gani wajen sunan jikar shugabarmu: ina muka saya, ko kuwa da gaske mu muka yi? Mu muka yi, da hannunmu. Har wata ƴar uwa daga wajen Tawa ta ce ta ga injin yanka kati a waya, tana so ta ci bashin asusu ta sa a kawo mata. To ƴar uwa, kafin ki ɗaga hannu ranar taro, zauna ki ji namu labarin, da mai daɗin da marar daɗin.

Aikin ba baƙo ba ne a gare mu. Duk wadda ta taɓa yanka salatif da reza don ƙunshin amarya ta riga ta iya rabinsa. Ku dubi kuma jakar dukawan Damagaram: su yanke zane a jar fata, su shimfiɗa koriya a ƙarƙashi, launin ya leƙo ta ramukan. Katin ma haka yake, takarda ce kawai ta maye gurbin fata.

Takardar fotokopi ba ta yi. Nauyinta giram 80 ne, da an sa mata gam sai ta yi laushi kamar ganyen da ya sha rana. Ku je shagon kayan lakwal ku ce a ba ku biristol, wato kwalin nan mai santsi, daga giram 180 zuwa sama. Falle ɗaya mai girman A4, santimita 21 a faɗi, kusan 30 a tsawo, kati biyu yake fitarwa: a raba shi biyu, kowane rabi a ninke. Abin da zai fito, santimita 10 da rabi ne a kusan 15, daidai da ƙaramin ambulan da ake sayarwa a shago. Wannan awon ku riƙe shi da kyau. Mu da farko mun yi kati yadda ido ya so, muka zo babu ambulan ɗin da zai ɗauke su, sai da muka zauna ƙera ambulan ɗin ma da kanmu.

Wajen ninkewa kada ku danne kwali da ƙarfi kai tsaye, bakinsa zai tsage, musamman da hunturu in takarda ta bushe. Ku aza abin jan layi a tsakiya, ku bi da bik ɗin da tawadarsa ta ƙare, ya yi masa hanya, sa'annan ku ninke ku goge da bayan cokali.

Sirrin kuma yana wajen samfuri. Ba kowane kati ake zana wa sabon fure ba, in ba haka ba sittin za su fito kamar ƴaƴan gida sittin. A ɗauki takarda, a ninka ta biyu ko huɗu, a yanka da almakashi, a buɗe: ga fure ko tauraro ko dagi ya fito, dama da hagu daidai. Wanda ya fi kyau sai a kwafe shi a kan roba mai ɗan tauri, irin murfin kaye, a yanke ramukansa. Shi ke nan an samu uwa. A aza ta a fuskar kati, a bi da fensir, a yanke da sabuwar reza a kan gilashi ko katako mai santsi. Ƙananan ramukan ciki ake fara cirewa, manya su biyo baya. Kuma takarda ake juyawa, hannun reza yana wuri ɗaya. Reza in ta fara jan takarda maimakon yanka, a canza ta, kada a yi rowar dala biyar a ɓata kwalin dala ashirin. A naɗe gefenta ɗaya da salatif saboda yatsa, in an gama a ɓoye ta inda yara ba sa kai.

Don ƙananan zagaye, abin huda takarda na ofis ya wadatar. Mu har wani maƙeri muka sa ya wasa mana bakin guntun bututun ƙarfe, muna aza shi a kan kwali mu buga da guduma, da'ira ta fita tsaf, irin yadda dukawa ke huda fata.

Abin da za a shimfiɗa a bayan ramukan kuwa, nan ne kowace mace ke nuna idonta. Takardar naɗe kyauta mai walƙiya tana yi. Amma abin da ya fi karɓuwa a wurinmu ƙyallen atamfa ne da shadda, wanda tela ke sharewa ya zubar. In amarya ta fitar da anko, sai mu roƙi guntayen wajen telanta, katin ya fito da zanen bikin a jikinsa. Wallahi wata uwar ango da ta ga haka sai da ta kira maƙwabta su zo su gani. Ragowar zanen 13 ga Mayu ma mun yi kati da shi, muka aika wa ƙungiyoyin da muke zumunci da su. Gam kaɗan ake sawa, a baki-baki kawai. Farin gam na kafinta ya fi, in babu a jiƙa ƙaro ya yi kauri. A jera katin tsakanin takardu, a aza musu abu mai nauyi su kwana. Da damina sai an ba su kwana biyu, in ba haka ba su lanƙwashe.

To, ga inda muka sha kashi.

Bara, bayan Sallar Layya, wata mata ta zo ta ce tana son kati sittin na auren ɗiyarta, dala 60 kowane. Muka buga lissafi, jika 18 ke nan. Mu huɗu muka ci bashin jika 10 a asusu, muka sayi biristol da ambulan da gam da zare mai ƙyalli. Kwana tara muna yi, bayan la'asar zuwa magariba, wata rana har da fitila. Ɗiyar ɗayarmu da ke koleji ta rubuta sunan ango da amarya da ranar ɗaurin aure a jikin kowane kati, da rubutunta mai kyau kamar na inji. Saura kwana biyu a zo karɓa, sai ga saƙo: an yi rasuwa a dangin ango, an ɗaga biki sai bayan arba'in. Da lokacin ya zo, matar ta ce ai yanzu kuɗi sun tafi wajen zaman makoki, gayyatar ta WhatsApp za ta tura. Ba mu karɓi ko dala ba tun farko, don kunya, wai ƴar unguwa ce.

Ranar biyan bashi akwati bai san an yi rasuwa ba. Muka tsaya gaban mata talatin, kowace ta kwance bakin zanenta ta cika rabonta, uwa da riba. Ɗaya daga cikinmu sai da ta sayar da kaji biyu. Inna ma'ajiya ta dube mu ta ce, "Ku ɗiyan nan, mi ya kai ku rubuta rana bisa kwali? Ranar aure ai ta Allah ce, ku kunka ɗaure ta da tawada." Aka yi dariya, mu dai ba mu yi ba.

Maganar Inna ce ta gyara mana aiki. Yanzu ba ma rubuta komai a jikin kwalin. Suna da rana suna kan ƴar farar takarda daban, wadda ake saƙalawa a ciki da zare. In an ɗaga biki, takardar kawai za a sake, ita kuwa ta fotokopi ce. Kuma mai biki shi zai kawo rubutun da hannunsa ko a waya, ko Hausa ko Faransanci ko ajami, a karanta masa da baki ya ce haka ne, don yawancinmu ba mu yi lakwal mai nisa ba, harafi ɗaya in ya kauce a sunan surukin mutum, rigima ce. Aya kuma ba ma sawa. Kati ana gama biki yake faɗuwa ƙasa, yara su taka. Sa'annan rabin kuɗi a hannu kafin reza ta taɓa kwali, ko da yayar mutum ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Mun kuma gane ba mu da abin yin takara da maɗaba'a. Mai son kati ɗari uku ya tafi can, za a buga masa cikin yini guda, da arha. Namu na goma ne zuwa ashirin, waɗanda ake kai wa surukai da mai unguwa da liman hannu da hannu, tare da goro. Abin da ya fi tafiya ma ba mu zata ba: ƙaramin ambulan mai ado da ake sa gudummawa ko barka a ciki. Mata ba sa son miƙa kuɗi tsirara a gaban jama'a. Wannan ba ya da suna, ba ya da rana, in bai fita yau ba zai fita wani sati.

Injin da ƴar uwarmu ta gani kuwa, gaskiya ne yana aiki. Kusan injin taliya ne: ana aza ƙarfe mai siffar fure a kan kwali, a sa tsakanin faranti biyu na roba, a murza hannu, ya fito a yanke. Akwai irin su Sizzix da ake murzawa, akwai Cricut mai aiki da wuta da kwamfuta. Sai dai kowane ƙarfe siffa ɗaya yake fitarwa, sabon fure sabon kuɗi, farantan kuma suna cinyewa, in sun lalace sai an sake aikowa daga waje. Mu a ganinmu ki fara da reza da murfin kaye tukuna. In kin yi zagayen asusu guda, daga zubi zuwa rabo, aiki yana fin ƙarfin hannunki, to ki kawo maganar inji gaban ƙungiya, a saya na kowa da kowa, masu amfani su riƙa biyan haya a akwati.

Katin nan sittin kuwa ba mu zubar ba. Mun yanke fuskokin masu fure, mun liƙa su a kan sabon kwali, arba'in da ɗaya sun fita da Ƙaramar Salla. Sauran sha tara suna nan cikin kwalla a ɗakin Inna. Duk ƙungiyar da ke son ganin samfuri ta faɗa wa wakiliyarta, za mu ba da a kawo mata ɗaya ranar taron wata.